Rufin Ƙaramar Mota Yana da Iyaka

Duk lokacin da Sallah ta gabato, ko aka ba ƴan makaranta babban hutu, hanyar ƙasa mai lamba ɗaya takan cika da ƙananan motoci. Daga Yamai su bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Madawa. Wasu su tsaya Maraɗi, wasu su zarce Tasawa har Damagaram, wasu kuma su rabu da babbar hanya a Tsarnawa su nufi Tawa da Agadas. Mafi yawansu suna ɗauke da kaya a bisa rufi, a kan ƙarfen nan da direbobi suke kira portbagaj, maƙwabta na kudu kuma su ce kariya. A wajen tafiya ana ganin katifu, akwatuna, buhunan shinkafa da sukari. A wajen komowa sai a ga hatsi, albasa, wake, itace, har da rago a ɗaure yana leƙen ƙasa.

Mutanen da ke cikin waɗannan motoci ba baƙi ba ne ga mai karatu. Malaman makaranta ne, ma'aikatan asibiti, ƙananan ƴan kasuwa da iyalansu, waɗanda suka daɗe suna tari kafin su mallaki tsohuwar mota da aka sauke a tashar jirgin ruwa. Sun ɗaura wa motar ƙarfe domin ta ɗauki abin da cikinta ya kasa ɗauka. Ra'ayin da ake so a bayyana a nan shi ne cewa wannan ƙarfe abu ne mai amfani, bai kamata a hana shi ba. Amma rufin ƙaramar mota yana da iyakar da maƙeranta suka yanke masa, iyakar kuwa ƙarama ce ƙwarai, kuma jama'a da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Rashin sanin nan yana jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai. Saboda haka ya wajaba a san iyakar, a koyar da ita, a kuma samar da hanyar auna ta.

Abin da ya sa ake bukatar portbagaj

Kafin a zargi kowa, adalci ne a duba dalilin da ya sa mutane suke ɗora kaya a sama. Nijar ƙasa ce mai faɗi. Daga Yamai zuwa Maraɗi tafiya ce ta fiye da kilomita 650, zuwa Damagaram kuwa kusan kilomita 900. Babu jirgin ƙasa mai jigilar mutane da kayansu tsakanin waɗannan garuruwa, jirgin sama kuma ya fi ƙarfin aljihun talaka. Duk wanda zai kai iyalinsa gida dole ya bi kwalta.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ma'aikacin da ya shekara a birni ba ya shiga gidan iyayensa hannu sake. Zai riƙa tsarabar uwa da uba, turmin zane na ƴan'uwa mata, sabulu da shayi na maƙwabta. Ran komowa kuma dangi ba za su bar shi ya tafi haka ba, domin hatsin da aka ba shi a ƙauye yana rage masa cefanen wata biyu a birni. Mutum biyar a cikin ƙaramar mota sun cinye kujeru, akwatin baya kuma ba ya wuce jaka uku ko huɗu. In babu wuri a sama, sai a tura kaya a ƙarƙashin ƙafafu, a ɗora wasu bisa cinyar yara, a jibge saura har su toshe gilashin baya. Wannan shi ma hatsari ne, domin direba ba ya ganin abin da ke biye da shi, in kuma ya taka birki da ƙarfi kayan su faɗo wa mutane a ka.

Ke nan masu cewa hukuma ta soke portbagaj gaba ɗaya ba su duba al'amarin ta kowane gefe ba. Dokar da ta hana mutum abin da rayuwarsa ta tilasta masa, ƙarshenta a riƙa karya ta a ɓoye, ko ta zama hanyar cin hanci a shingayen hanya. Katifa, tabarmi, gidan sauro, barguna da jakar tufafi kaya ne masu cin wuri amma marasa nauyi, kuma rufin mota shi ne wurin da ya fi dacewa da su. Domin irinsu aka ƙirƙiro ƙarfen tun farko.

Nawa rufi yake ɗauka?

Kowace mota tana fitowa daga ma'aikata da littafinta, a ciki kuma an rubuta nauyin da aka yarda a ɗora bisa rufi. Ga yawancin ƙananan motoci, nauyin yana tsakanin kilo 50 da kilo 75. Abin lura shi ne cewa nauyin ƙarfen da kansa yana cikin wannan lissafi. In iyakar mota kilo 50 ce, ƙarfen kuma yana da kilo 10, abin da ya rage na kaya kilo 40 ne kawai.

Domin a fahimci ƙanƙantar wannan adadi, sai a mai da shi ma'aunin kasuwa. Tiyar hatsi ɗaya tana kai kimanin kilo biyu da rabi, tiya 40 kuma ita ce buhu mai kilo 100. Kilo 40 ke nan tiya 16. Wanda ya ɗora buhun hatsi guda a saman ƙaramar mota ya riga ya ninka iyakar sau biyu da rabi. Buhun shinkafa mai kilo 50 shi kaɗai ya wuce ta. Jarkar ruwa mai lita 25 tana da kilo 25, biyu sun gama da rufin. Babban buhun albasar Galmi da ƙosasshen ragon layya ba su ma shiga zance. Amma ga shi ana ganin motoci da buhu biyu ko uku a sama, an ɗora katifa a kansu, an rufe da tamfol.

Bayan iyakar rufi akwai iyakar motar baki ɗaya. Akwai wani ɗan allo manne a jikin mota, yawanci a bakin ƙofa ko a wajen inji, inda aka rubuta iyakar nauyin da za ta kai in an haɗa ita kanta da mutane da kaya. Ga ƙananan motoci, abin da za a iya ƙarawa a kan nauyin motar yakan kasance tsakanin kilo 400 da 500. A ɗauka kilo 450 ne. Manya biyar, kowane mai kilo 65, sun kai kilo 325. Saura kilo 125, shi ne rabon akwatin baya da rufi gaba ɗaya. Ɗaura ƙarfe a sama yana ƙara wa mota wuri, amma ba ya ƙara mata ko kilo ɗaya na ƙarfi. Sifirin, taya da birki suna nan yadda maƙera suka yi su.

Matsalar ita ce yawancin motocin da ake shigowa da su sun wuce hannu biyu ko uku kafin su iso, littafin kuma ya daɗe da ɓata. In ma yana nan, an rubuta shi da Jamusanci ko wani harshen da mai motar ba ya ji. Wanda bai san iyakar motarsa ba, abin da ya fi masa shi ne ya riƙi kilo 50 a matsayin iyaka, ya kuma rage in hanyar da zai bi ba ta da kwalta, domin kowane rami da kowane tudu yana sa kayan su daki rufin da ƙarfin da ya fi nauyinsu.

Darasin mangala

Ilimin ɗaukar kaya ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Mai jaki ya san dalilin da ya sa ake rataya mangala ta sauko gefe biyu, nauyin dama daidai da na hagu. Madugan ayarin gishiri na Bilma sun san cewa kantu yana zama a haƙarƙarin raƙumi, ba a tsibe shi bisa tozo. Matar da ta ɗauko tulu a ka ba ta gudu, ba ta kuma juyawa da gaggawa, domin ta san abin da zai biyo baya. Dukansu suna aiki da ƙa'ida ɗaya: nauyi in ya yi ƙasa yana riƙe mai ɗauke da shi, in ya yi sama kuwa yana neman kayar da shi.

Mota ma haka take. An ƙera ta ne yadda manyan abubuwa masu nauyi, wato inji da tankin mai da ƙarafan ƙasa, za su zauna kusa da hanya. Wannan ne yake riƙe ta in ta shiga kwana. Da zarar an ɗora buhuna a sama, tsakiyar nauyin motar sai ta tashi. A miƙaƙƙiyar hanya direba ba zai ji wani bambanci mai yawa ba, shi ya sa yake ruɗuwa ya ce motar tana ɗauka. Bambancin yana bayyana ne ran da ya murɗa sitiyari ba shiri.

Dalilan murɗa sitiyari ba shiri kuwa ba su ƙirguwa a hanyoyin ƙasar nan. Jaki ya faɗo daga bayan kalgo, garken shanu ya ratsa, amalanke ta fito ba fitila da magariba, yaro ya biyo ƙwallo a tsakiyar ƙauye. A yankin Kure, ba nisa da Yamai, har raƙuman dawa suna tsallaka kwalta. Ga ramuka, ga gefen hanya da ruwa ya zaizaye. Motar da babu kaya a samanta takan kauce ta komo kan hanya. Wadda aka yi wa lodi a ka takan karkata, tayoyin gefe ɗaya su saki ƙasa, in direba ya yi ƙoƙarin mai da ita da sauri sai ta wuntsila. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido.

Birki shi ma yana da nasa lissafi. Mota mai nauyi tana bukatar fili mai tsawo kafin ta tsaya. In gudu ya ninka biyu, filin tsayawa yana ninka huɗu. Karon da aka yi ana gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsawon kusan mita 10. A gudun kilomita 100 kuwa kamar faɗowa ne daga kusan mita 40. Buhun da aka ɗaure da igiyar rama ba zai zauna ba a irin wannan hali. Zai tsinke ya yi gaba, ya sami duk wanda ke gaban motar.

Taya kuma ita ce mai ɗaukar wahalar duka. A watannin bazara, lokacin da zafi yake wuce awo 40 a inuwa, kwalta takan yi zafin da ba a iya taka ta da ƙafa. Tsohuwar taya mai ƙarancin iska, in aka haɗa mata nauyi da gudu da zafi, takan yi ta ɗumama har ta fashe. Fashewar taya ga motar da nauyinta yake sama tana cikin mafi munin abubuwan da za su sami direba.

A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Yankin Afirka shi ne kan gaba in an gwada da yawan jama'a: yana da kimanin kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan daga cikinsa suke. Gudu, tsufan motoci, lalacewar hanya da lodin da ya wuce ƙima duk suna da hannu. Mai ƙaramar mota ba shi da ikon gyara hanya, amma abin da zai ɗora bisa rufinsa yana hannunsa.

Iska ba ta ɗaukar kaya kyauta

Ko da an isa lafiya, kayan sama suna da kuɗin da ake biya ba a sani ba. An sassaƙa jikin mota yadda iska za ta zame ta wuce. Tulin kaya a sama yana tare iskar kamar bango. Turjiyar iska kuma tana bin ƙa'idar da birki yake bi: in gudu ya ninka biyu, ita ta ninka huɗu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayyana cewa babban akwatin kaya a saman mota yana rage tafiyar da lita guda take yi da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a gudun da ya kai kilomita 105 zuwa 120 a awa. Wannan kuwa akwati ne da aka ƙera a ma'aikata, ba tulin buhuna da tamfol mai kaɗawa ba.

A yi lissafi da misali. Motar da take shan lita 7 a kilomita 100 za ta sha lita 63 daga Yamai zuwa Damagaram. In kayan sama suka ƙara mata kashi 15 cikin 100, ƙarin ya haura lita 9, zuwa da komowa kusan lita 19. A shekarar 2024 gwamnati ta mai da kuɗin litar esans sefa 499, wato kusan dala ɗari. Da wannan farashi ƙarin ya kai kusan jika tara da rabi. Wanda ya ɗauko buhu daga ƙauye domin ya sami sauƙi, ya kamata ya sa wannan a lissafinsa, ya haɗa da taya da sifirin da za su mutu kafin lokacinsu. Sau da yawa aika buhun ta babbar motar fasinja ko ta kamiyo ya fi araha.

Ƙarfen da babu kome a kansa shi ma yana tare iska. Mutane da yawa suna ɗaura shi domin tafiyar Sallah, su bar shi a kan mota har wata Sallar. In irin wanda ake kwancewa ne, a sauke shi bayan an komo.

Akwai kuma iskar gefe. A lokacin hunturu, da lokacin da hadari ya taso da guguwa a farkon damina, motar da ke da tulin kaya takan zama kamar an kafa mata tuta, iska tana tura ta gefe. Haka nan in babbar mota ta gifta da gudu. Maganin wannan guda ne: kaya su kwanta, gudu ya ragu.

Ƙira da ɗauri

Ƙarfe iri biyu ake samu. Akwai na ma'aikata, sanduna biyu da ake maƙalawa a wuraren da maƙeran mota suka tanada, wani lokaci da akwatin roba mai makulli. Yana da tsada, amma an rubuta nauyin da yake ɗauka a jikinsa. Akwai kuma na masu walda, wanda ya fi yawa a garuruwa, domin shi talaka yake iya saye. Masu walda ƴan ƙasa ne masu neman halaliyarsu, cikinsu akwai gwanaye. Kuskuren da ya fi yawa a aikinsu shi ne zaton cewa ƙarfe mai kauri shi ne mai kyau. Sai a ƙera portbagaj mai nauyin da shi kaɗai ya cinye rabin abin da rufin zai ɗauka.

Kuskure na biyu yana wajen maƙalawa. Tsofaffin motoci suna da wata ƴar kwata ta ƙarfe a gefen rufi inda ruwan sama yake bi, a nan ake cije ƙafafun portbagaj. Motocin baya-bayan nan ba su da ita. Wasu sai su huda rufin su sa kusoshi. Tsakiyar rufi kuwa falle ne marar kauri. Ƙarfin yana gefe, bisa ginshiƙan ƙofofi. Hudar tana shigar da ruwa, tsatsa ta ci wurin, wata rana kusa ta zare. Ƙafafun ƙarfe su zauna a inda ƙarfin rufi yake, a sa roba tsakaninsu da jikin mota, a kuma duba notuna kafin kowace doguwar tafiya.

Wajen shirya kaya, ƙa'idar mangala ita ce jagora. Masu nauyi su shiga akwatin baya, a tura su ciki su jingina da kujera. Marasa nauyi su hau sama, a shimfiɗa su a kwance, dama daidai da hagu, kada su zarce faɗin motar, kada kuma su leƙo bisa gilashin gaba inda iska za ta shiga ƙarƙashinsu ta ɗaga su. Robar tsohon tib da ake yawan ɗauri da ita tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta. Ɗamarar zare mai ƙarfen ɗaurewa, irin ta masu kamiyo, ita ta fi. In babu, a sami igiya mai ƙarfi a ɗaure gaba da baya da gefe. Bayan an yi tafiyar kilomita 20 ko 30 a tsaya a ƙara tamkewa, domin kaya sukan zauna igiya ta saki. Haka za a yi a kowane zango.

Akwai abubuwan da ba su da wuri a sama ko kaɗan: jarkar esans, tukunyar gas, dabba mai rai, balle ɗan Adam. Esans da gas ba su shiri da rana da girgiza. Rago kuwa yana motsi, nauyinsa yana komawa gefe ɗaya daidai lokacin da ba a so. Kafin a tashi, a ƙara wa tayoyi iska gwargwadon abin da aka rubuta domin cikakken lodi, a auna tun suna da sanyi. In bayan mota ya zauna, fitilun gaba sukan ɗaga su kashe wa masu tahowa ido, saboda haka tafiyar rana ta fi ga motar da ke da kaya.

Hujjojin da ake kawowa

Wasu tsofaffin direbobi sukan ce a zamaninsu Peugeot 404 da 504 sun ɗauki abin da ya ninka wannan, kuma sun kai. Gaskiya ne waɗannan motoci sun yi wa jama'a aiki, musamman bayan da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Amma doguwar 504 da 404 mai buɗaɗɗen baya an ƙera su ne domin kaya da mugunyar hanya. Ƙaramar Toyota Starlet an yi ta domin zirga-zirgar cikin gari. Bugu da ƙari, hanyoyin jan ƙasa na wancan lokaci su da kansu suke hana gudu, alhali kwalta mai santsi tana kiran direba ya taka. Kuma masu ba da labarin su ne waɗanda suka isa. Waɗanda suka kwanta a gefen hanya ba su nan balle a ji nasu.

Wasu kuma sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da dare, yana kuma ɗaure akuyarsa. Wanda ya ɗora kilo 200 inda aka ce 50 ya riga ya buɗe wa tsautsayi ƙofa da hannunsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce kunya. Gwaggo ta sa an kawo buhun wake bakin mota, kawu ya aiko da damin rake, maƙwabci ya roƙi a kai wa ɗansa ɗalibi saƙo. Ƙin karɓa yana kama da raini. Amma akwai hanyar da za a bi ba a ɓata wa kowa ba. Mai mota yana iya cewa: "Gwaggo, na gode, Allah ya ƙara girma. Motar ta cika, ga jikokinki a ciki. Zan biya kuɗin buhun a tasha, ya same ni jibi." Babu dattijuwar da za ta fifita buhun wake a kan ran jikanta in an yi mata bayani. Manya su ma suna da nasu rabo: in ɗa ya ce mota ta cika, a yarda da shi.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Tun shekarar 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da ƙa'ida mai lamba 14 wadda ta yanke iyakar nauyin manyan motoci, domin lodi yana kashe hanya. Ƙaramar mota ba ta kashe hanya, mutanen cikinta take kashewa, amma babu mai auna ta. Jandarma a shinge yana duba parmi da inshora, ya dubi tulin kaya da ido, ba shi da abin da zai tabbatar da nauyinsu. Akwai matakai huɗu marasa tsada da za su rage wannan giɓi.

Na farko, hukumar kiyaye hatsarin hanya, wato ANISER, tare da gidajen rediyo, su riƙa bayyana iyakar rufi da harsunan ƙasa kafin kowace Sallah da kowane babban hutu. A faɗe ta da ma'aunin da jama'a suka sani: tiya 16, ko jarka ɗaya da rabi. Cibiyoyin yaƙi da jahilci suna iya mai da wannan darasin lissafi, domin babu misalin tarawa da ɗebewa da ya fi shi kusa da rayuwar mai koyo.

Na biyu, makarantun koyon tuƙi su sa shirya kaya cikin abin da ake koyarwa, a kuma tambaye shi a jarrabawar parmi. Wanda ya san alamun hanya amma bai san abin da motarsa take ɗauka ba, karatunsa bai cika ba.

Na uku, cibiyoyin koyon sana'a su tara masu walda su nuna musu ƙirar da ta dace da motocin yanzu, mai sauƙin nauyi, mai zama a inda ya kamata. Kowane maƙeri ya auna ƙarfen da ya ƙera ya buga nauyinsa a jiki. A wurin binciken lafiyar mota kuma, a riƙa duba portbagaj kamar yadda ake duba birki da fitila.

Na huɗu, sandikan direbobi da ma'aikatun gari su ajiye sikeli a tashoshi da mafitar manyan garuruwa. Sikelin rataye irin na masu sayen wake ya isa. Duk mai son ya auna kayansa ya auna kyauta, ba tare da tsoron tara ba. In aka fara da tara, mutane za su riƙa kewaye shinge ta cikin daji. In aka fara da bayani da sikeli, tarar da za ta biyo baya ga mai taurin kai ba wanda zai ce zalunci ce.

Ma'aikatan gwamnati su ya kamata su fara nuna misali, domin abin da malamin makaranta ko likita ya yi a ƙauye shi ake koyi da shi. Wanda zai kama hanya a hutu mai zuwa ya nemi sanin iyakar motarsa tun yanzu, ya auna ƙarfensa, ya ware masu nauyi ya aika da su ta tasha, ya bar wa rufi katifa da tabarma, ya kuma rage gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da iyaye suke jira a ƙofar gida shi ne su ga ƴaƴansu da jikokinsu sun sauko da ƙafafunsu; buhu kuwa ko ya kwana biyu a hanya zai iso.